Ƙofa ce ko zariyar wando?

Ɗan Dundaye: Abin nan na ƙona mini rai. Har yau ana koya wa yara cewa bangon ƙwayar halittar tsiro toshe yake ruf. Tun 1879 masanin tsirrai Eduard Tangl ya ga hanyoyin da suka ratsa shi, filasmodesmata, faɗinsu wajen nanomita 50 (nanomita miliyan ɗaya ne milimita ɗaya). Ƙofa ce tsakanin ƙwaya da maƙwabciyarta, tsiro na buɗewa yana rufewa.

Malamar Mabera: Ɗana, cire kalmar ƙofa. Kalos, wani sinadari da tsiro ke haɗawa daga sukari, ake tarawa a wuyan ramin ya matse shi, sai enzayim ɗin gulukanes ya narkar da kalos ɗin ramin ya saki. Zariyar wando ce, ana ja ana sassautawa. A ganyen da ya ƙosa, abin da ya haura dalton 1,000 (dalton ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari ne) da wuya ya wuce da kansa, amma a sabon toho GFP, furotin mai ƙyallin kore, mai dalton 27,000, ratsawa yake.

Na Gidan Igwai: Malama, ba a saya ƙofa ne? Kuma ƙwayoyin da ke gadin ramukan numfashin ganye, in sun ƙosa, yanke hulɗa suke yi da maƙwabta gaba ɗaya. Wagga ma zariya ta?

Mai Madubi: Ku daina surutu ku duba. A ɓare fatar albasa, a jefa ta nan take cikin etanol da asid ɗin asetik, kashi 3 da 1. A wanke, a rina da shuɗin anilin 0.1 cikin 100 a ruwa mai pH 9, a haska da UV, wato hasken ultrabayolet. Kalos zai fito ɗigo-ɗigo a jikin bango, a inda ramukan suke, yana ƙyalli. In ka yi jinkiri, yankan kansa na sa kalos ya taru cikin mintuna, ka ƙirga rauninka ka ce sakamako ne.

Na Gidan Igwai: 0.1 ya yi yawa, 0.01 ya isa. Ku 'yan botani kun saba ɓarnar rini.

Mai Madubi: Ɗan bayokemistiri da bai taɓa yanka ganye ba shi zai koya mini awo?

Ɗan Dundaye: Jama'a, maganar koyarwa fa na kawo. Bairos ɗin da ke sa ganyen taba dabbare-dabbare ma da furotin mai dalton 30,000 yake faɗaɗa ramin ya kutsa. Ɓarawo ta ƙofa yake shiga.

Malamar Mabera: Faɗaɗawa ka ce da bakinka.

Shugaban zaure: To, an tsaya kan zariya, kamar yadda Malamarmu ta karantar da mu. Masu ƙofa ba su kawo hujja ba. Rini kuma 0.1 ne.