Neman kalma: turquoise da mosaic, shiri ne gobe da safe

Bintun Rediyo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a agaza min da gaggawa, gobe da safe ake ɗaukar shirina na tarihin duniya, wannan makon kan Aztek na Meksiko ne, kuma kalma biyu sun maƙale min a wuya, turquoise da mosaic. Abin da nake son bayyanawa macijin nan ne mai kai biyu da ke gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Itace aka sassaƙa sannan aka bi jikinsa da 'yan gutsattsarin wannan dutse wajen 2,000 ana liƙa su da ƙaron itace, haƙoransa farar katantanwar teku ce, dasashi da hanci kuma ja. Faɗinsa santimita 43 kawai. Rediyo ba hoto, in ban sami kalma ba mai sauraro ba abin da zai gani.

Ɗan Kurmi: Wa alaikissalam. Hajiya ki ce shuɗiyar tsakiya kawai ki wuce, kowace tsohuwa ta san tsakiya.

Uwar Biyu: A'a Alhaji, tsakiya ai mai huda ce, zirawa ake a zare a rataya a wuya. Wannan fa fasa shi aka yi ƙanana aka goge aka manna. Kuma ba shuɗi ba ne zalla, in ka kalli hoton wani wajen ya fi kama da kore.

Ɗan Kurmi: To tsanwa.

Uwar Biyu: Shi ma bai kai tsanwa ba 😂

Malam Bagobiri: 'Yata, ga kalma na ba ki kyauta: dutsen samaniya. Launinsa launin sama ne bayan an ɗauke ruwa. Hausa ce tsantsa, ba aro, ba roƙo. Ki sa shi gobe ki ga yadda zai bi gari.

Bazazzagi: Ranka ya daɗe in aka ce dutsen samaniya a rediyo wallahi rabin masu saurare za su ɗauka dutsen da ya faɗo daga sama ne, irin gatarin aradu. Sai a fara bugo waya ana tambayar ko yana maganin wani abu.

Malam Bagobiri: Sau ɗaya za a yi bayani. Haka jirgin sama ya fara, yau wa ke tambaya ina ruwan da yake bi?

Alaramma Na Tudu: Me ya kai mu ƙirƙira alhali dutsen yana da suna tun da daɗewa? Fairuz ake ce masa a Larabci, asalin kalmar Farisanci ce. Mahaƙarsa da ta fi shahara tana kusa da Naisabur a Iran, garin Imamu Muslim. Daga can 'yan kasuwa ke bi da shi ta ƙasar Turkawa zuwa Turai, shi ya sa Faransawa suka ce masa dutsen Turkiyya, Turawan Ingila suka ara daga gare su. Mu da muka san murjani da yaƙutu da lu'ulu'u tun a makarantar allo, fairuz ɗan gidansu ne, zama kawai zai yi kusa da su.

Ɗan Kurmi: To a ce dutsen Turkiyya mana tunda ma'anar kenan.

Malama Tarihi: Alhaji wannan kam kar a soma. Su Aztek ba su taɓa jin sunan Turkiyya ba, sai a 1519 ma Kotes da mutanensa na Sifen suka sauka a gaɓarsu. In Bintu ta ce dutsen Turkiyya mai sauraro zai ɗauka odarsa suke yi daga Istanbul. Hasali ma an daɗe ana cewa daga can kudu maso yammacin Amurka ta yanzu suke samo shi, wajen Arizona da New Mexico, sai a 2018 wani bincike da Alyson Thibodeau ta jagoranta ya gwada sinadaran gutsattsarin da aka tono a babban wurin bautar Tenochtitlan, babban birnin Aztek, da wasu na maƙwabtansu Mishtek, aka ga ba su dace da mahaƙan can ba, sun fi dacewa da ƙasar yankinsu. Kenan dutsen gida ne. Ni ina bayan fairuz.

Malam Bagobiri: Kun gani ko. An gudu daga Bature an faɗa hannun Balarabe. Yaushe Hausa za ta tsaya da ƙafarta? Kullum mu ne masu kwanon bara.

Alaramma Na Tudu: Malam, zinariya daga dinari take. Ka cire ta mu gani da me za ka kira abin da ake sa wa amarya a lefe.

Malam Bagobiri: Wancan aron kakanni ne, ya narke. Wannan kuwa aron ragwanci ne.

Bazazzagi: Aron kakanni ma ranar da aka yi shi sabo ne ai 😅

Ta Damagaram: Ni dai tun ɗazu ina kallo. Mu nan in tela ya nuna miki yadi mai wannan launi turkwaz zai ce, kuma kowace mace ta gane. Amma na san ba za ku karɓa ba, kullum abin da aka faɗa a Kano shi ne Hausa, namu kuwa sai a ce Faransanci ne. Ku kuna cewa bula, ba daga Turanci take ba?

Ɗan Kurmi: Hajiya ba wanda ya ce haka fa. Amma turkwaz a bakin mutumin Bichi sai Allah.

Ta Damagaram: Ai shirin ba Bichi kaɗai yake kaiwa ba.

Bintun Rediyo: Yayyena don girman Allah a bar rikicin iyaka tukuna, ƙarfe tara ta wuce. Anti ta Damagaram na ji, amma turkwaz da kika faɗa launin yadi ne, ni kuma dutsen nake nema, don a wajen mutanen nan ba launi ba ne kawai, dukiya ce ta sarauta.

Malama Tarihi: Nan ne ma maganar take. A harshensu na Nahuwatil sunan dutsen shiwitl, kuma kalma ɗayan nan ita ce shekara, ita ce ciyawa ko ganye, har tauraruwa mai wutsiya ma da ita ake kira. Mai kyan cikinsa teoshiwitl, wato na alfarma, na gumaka. Gunkinsu na wuta sunansa Shiwtekutli, ubangidan wannan dutse, kuma kambun da sarki ke ɗaurawa a goshi da shi ake yi. A kundin haraji na Mendoza da ke Oxford an zana garuruwan da aka ɗora wa kawo shi, wani lardin abin rufe fuska guda goma na wannan dutse yake biya. Shi da koren dutsen da suke kira chalchiwitl da gashin tsuntsun ketsal sun fi zinariya daraja a idonsu, ita zinariyar sunanta ma a harshensu kashin gumaka. Kalmar da za a zaɓa dole ta ji ƙamshin tsada, in aka ce shuɗin dutse kawai sai ya zama kamar tsakuwar bakin rafi.

Uwar Biyu: Ikon Allah, ciyawa kuma? To ashe mu ma muna da shi, launin ɗanyen haki. Bintu ki ce dutse ɗanyen haki.

Bazazzagi: Ɗanyen haki ya yi kore da yawa Anti, amma dai kin zo kusa da tunaninsu fiye da kowa a nan.

Malam Bagobiri: Tsaya. Malama kin ce tauraruwa mai wutsiya? Daga ina take, ba daga samaniya ba? Alhamdu lillahi, su Aztek ɗin da kansu sun goyi bayana. Dutsen samaniya.

Malama Tarihi: Baba sun kuma ce ciyawa, ita kuwa a ƙasa take.

Alaramma Na Tudu: Ƙarin hujja, wanda ya yi karatun lugga ya san Fairuzabadi mai ƙamus, kunne ya saba da sautin.

Bazazzagi: Gafarta Malam wannan sunan garinsu ne, Firuzabad, daga firuz mai nufin nasara. Tushe ɗaya ne da sunan dutsen amma ba garin dutse ake nufi ba. Sai dai gaskiyarka, kunne ya saba, har 'yan mata akwai masu sunan Fairuza.

Bintun Rediyo: To mu ajiye wannan. Mosaic fa? Ba wanda ya taɓa shi.

Ɗan Kurmi: Mozayik.

Alaramma Na Tudu: Larabawa fusaifisa'u suke cewa, amma ni kaina ba zan ba ki shawarar ki furta shi a gaban makirfo ba.

Sani Mai Tayil: Ku bari in sa baki don wannan sana'ata ce. Abin da kuke faɗa muna yinsa kullum a tsakar gida, in mai gida ba shi da kuɗin cikakken tayil sai mu sayo fasassu buhu-buhu mu zauna muna haɗa su, wannan ya shiga nan wancan a ɗan ƙwanƙwashe bakinsa ya shiga can, mu fitar da fure ko tauraro. Aikin fasasshen tayil muke ce masa. Kafin mu kuma iyayenmu mata suna daɓe da tsakuwa. Na buɗe hoton macijin na ƙara girmansa, wallahi wanda ya yi shi gwani ne, gutsattsarin sun fi ƙumbar yaro ƙanƙanta kuma ba ka ganin gibi tsakaninsu, ya san inda zai sa mai duhu da inda zai sa mai haske don jikin ya riƙa walƙiya in an motsa. Ni da sumunti nake cike kuskurena, shi ba shi da wajen ɓoyewa.

Uwar Biyu: Daɓe ai na ƙasa ne Sani, takawa ake. Wannan kuwa a ƙirji ake jin an rataya shi.

Malama Tarihi: Kuma ba itace kaɗai suke yi wa ba. A gidan tarihin nan na Landan dai akwai ƙoƙon kan mutum na gaske da aka yi wa layi-layi na wannan dutse da wani baƙi, aka sa masa idanu na wani dutse mai sheƙi kamar ƙarfe, cikinsa an shimfiɗa fatar barewa. Wani ƙoƙon kan irinsa masanin tonon tarihi Alfonso Caso ya tono a 1932 a kabari na 7 a Monte Alban da ke kudancin Meksiko, aikin Mishtek, waɗanda ake jin su ne ma suka yi wa Aztek da yawa daga cikin kayan nan. Ba za a ce an yi wa ƙoƙon kai daɓe ba.

Bazazzagi: Jeren liƙe fa? Jere kamar na ɗakin amarya, komai da mazauninsa, liƙe kuma don da ƙaro aka kama shi.

Malam Bagobiri: Wannan kam Hausa ce, ban da ja. Ko da yake ni manne zan ce, liƙe ya fi kama da facin taya. Jeren mannen dutsen samaniya. Ku ji yadda ya zauna.

Ta Damagaram: Ya zauna kamar buhun gero a kan keke.

Sani Mai Tayil: Ni dai in aka ce min jeren liƙe ba tare da bayani ba ba zan gane aikina ake nufi ba, gaskiya.

Bintun Rediyo: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Ga abin da na rubuta, sha ɗaya ta kusa: "an lulluɓe macijin da gutsattsarin fairuz, wani dutse mai tsada da launinsa ke tsakanin shuɗi da kore, an jera su an liƙa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda masu tayil ke haɗa fasassu a tsakar gida." Daga nan sai in ci gaba da cewa fairuz kawai. Mosaic kuwa na kauce masa gaba ɗaya, jeren liƙe zan gwada sau ɗaya a tsakiyar shiri in ji ko wani zai bugo ya yi ƙorafi. Anti, zan ambaci cewa a Nijar ana ce wa launin turkwaz.

Ta Damagaram: Sau ɗaya ma an gode.

Malam Bagobiri: Shirinki ne 'yata, ki yi yadda kika ga dama. Ni dai a darasina na Litinin dutsen samaniya zan rubuta a allo, kuma shi zai fito a jarrabawa.

Ɗan Kurmi: Af, shi koren dutsen da Malama ta ambata fa, shi kuma me za a ce masa?

Bintun Rediyo: Na cire shi daga shirin Alhaji. Sai da safe.