Zauren 'yan kallo: Andor ya cancanci a ƙona masa data?

Abba: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawara kan Andor, wannan mai dogon zangon na Star Wars. Na kalli kashi na ɗaya jiya, wallahi barci ya ɗauke ni. Babu takobin haske, babu mayaƙan Jedi, mutum kawai yana yawo cikin ruwan sama yana cigiyar ƙanwarsa. In ci gaba ko in haƙura?

Sadiq: Wa alaikumus salam. Haƙura kawai, ka koma The Mandalorian. Kowane kashi akwai harbi, ga ɗan yaron nan Grogu mai manyan kunnuwa. Ba ka buƙatar wahalar da kanka.

Yaya Nura: Sadiq, kar ka ɓatar da yaro. Abba, kashi ɗai-ɗai ka kalla, nan matsalar take. Ba haka aka gina shi ba. Mafi yawan labarin uku-uku aka yanka shi: na 1 zuwa na 3 labari ɗaya ne, na 4 zuwa na 6 fashin da aka shirya a Aldhani, na 8 zuwa na 10 gidan yari. Biyun farko shimfiɗa, na uku ne ake fashewa. Su kansu Disney+ sun san da haka, shi ya sa ranar 21 ga Satumba 2022 da suka fara sakinsa kashi uku suka zubo lokaci guda. Ka samu daren da babu aiki gobe ka haɗa ukun. Idan ka gama na uku bai kama ka ba, na yafe maka.

Abba: To Yaya. Amma dole sai na ga finafinan duka tukun? Na ji an ce sun fi goma.

Yaya Nura: Ko ɗaya ba dole ba ne. Abin da za ka riƙe shi ne akwai Daula mai mulkin danniya, akwai masu shirin yi mata tawaye. Cassian Andor, wanda Diego Luna ɗan Meziko ke fitowa a matsayinsa, ya fara bayyana ne a fim ɗin Rogue One na 2016. Shirin ya koma baya da shekara biyar ya nuna yadda ɓarawon da bai damu da kowa ba ya zama ɗan tawaye.

Anti Maryam: Ni kuma shawarata, in ba ka ga Rogue One ba, kar ka taɓa shi yanzu. Ka gama kashi 24 ɗin nan, zango biyu, sha biyu-sha biyu, sannan ka ɗora da fim ɗin. Inda shirin ya tsaya nan fim ɗin ya ɗauka. Mu da muka fara da fim mun riga mun san makomar mutumin, kai kana da damar da ba mu samu ba.

Sadiq: Anti, ni fa abin da ya dame ni surutu ne. Ana zaune a ofis ana taro, ana zaune a falo ana shan shayi ana maganar kuɗi. Star Wars ne ko zaman majalisa?

Anti Maryam: Ai tarurrukan nan su ne naman. Ka duba ofishin leƙen asirin Daula, farin ɗaki, kowa na ƙoƙarin kayar da ɗan'uwansa a gaban oga. Dedra Meero mace ce a cikin maza, tana da ƙwazo, an raina ta, sai ka tsinci kanka kana goya mata baya. Can sai ka tuna aikin da take son a ba ta dama ta yi shi ne kama mutane da azabtar da su. Wannan juyin da aka yi wa mai kallo ban gan shi a sauran shirye-shiryensu ba. Haka Mon Mothma, sanata ce mai dukiya amma ko direbanta ɗan rahoto ne, tana neman hanyar fitar da kuɗinta zuwa ga 'yan tawaye ba tare da an gani ba.

Malam Habu: Bari in sa baki. Dalilin da ya sa ya fita daban, mutumin da ya jagoranci rubutun ne, Tony Gilroy. Shi ya yi rubutu a finafinan Bourne, shi ya rubuta ya kuma ba da umarnin Michael Clayton a 2007. Hannunsa ya saba da labarin leƙen asiri da na manyan ofisoshi, kuma bai ɓoye cewa shi ba masoyin Star Wars ba ne tun asali. An taɓa kiransa ya gyara Rogue One kafin a sake shi, daga baya aka damƙa masa shirin.

Sannan yadda aka ɗauka. The Mandalorian, da ya fito a Nuwamba 2019, mafi yawansa a cikin wani zagayayyen ɗaki aka yi shi wanda bangonsa duk allon talabijin ne, ana haska hamada ko sararin sama a bayan 'yan wasa. Dabara ce mai kyau, amma in ka lura mutane ba sa yin nisa, fili ƙarami ne. Andor a Ingila aka yi, a Pinewood, kuma garin Ferrix gina shi aka yi da tituna da shaguna. Aldhani tsaunukan Scotland ne, har madatsar ruwan da ake nunawa ta gaske ce, ta Cruachan. A zango na biyu sun je Valencia ta Sifaniya. Shi ya sa in an yi gudu kake jin da gaske akwai inda za a gudu.

Ummi: Malam ya taɓo inda nake so. Ferrix ɗin nan! Ma'aikata na rataye safar hannunsu a bango in an tashi aiki. Akwai mutumin da ke hawa hasumiya yana dukan maƙera da guduma biyu don a san lokaci. In jami'ai sun shigo gari kowa ya kama buga ƙarfen da ke kusa da shi, labari ya zaga kafin su kai ƙarshen layi. Kuma in mutum ya mutu ana cuɗa tokarsa a yi bulo da ita a sa a bango. Babu wanda ya tsaya yi maka bayani, gani kawai kake yi. Sai kashi na 12 ya zo duk waɗannan su haɗu a jana'izar...

Yaya Nura: Ummi! Kar ki fasa ƙwai.

Ummi: Na yi shiru, Yaya. Abba, ka dai sa kunne a kiɗan buɗewa, kowane kashi ana canza shi.

Sadiq: To in yana da kyau haka, me ya sa da ya fito mutane ba su ruɗe a kansa ba kamar Mandalorian?

Malam Habu: Gaskiyarka a nan. A farko bai ja 'yan kallo kamar Mandalorian ko Obi-Wan Kenobi ba, duk da masu sharhi sun yaba ƙwarai. Sunan Andor ba ya sayar da kansa, kuma babu 'yar tsanar da yara za su yi kuka a saya musu. Har sai da Disney ta haska kashi biyun farko a tashoshinta na talabijin a Nuwamba 2022 don jawo mutane. Baki da baki ne ya ɗaga shi, musamman bayan kason gidan yarin. Zangon farko ya samu kyautar Peabody, na biyu kuma Dan Gilroy, ƙanin Tony, ya ci Emmy ta rubutu a 2025.

Anti Maryam: Gidan yarin Narkina 5 ko yanzu na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Tsaf-tsaf, fari tas, ga abinci, babu mai gadi da kulki a kanka. Fursunoni dai babu takalmi, ƙasan kuma ƙarfe ne da ake sakar wa lantarki. Teburin da ya fi aiki a ƙara masa ɗanɗano a abinci, na ƙarshe a gasa shi. Andy Serkis ne shugaban ɗakin. Ka kalli fuskarsa kawai a na 9 da na 10.

Isuhu Maraɗi: Sannunku. Ni zango na biyu ne ya fi shiga raina, sashen duniyar Ghorman. Da suka fara magana na ɗauka Faransanci ne, na kasa kunne ban kama ko kalma ɗaya ba. Ashe ƙirƙirar harshen aka yi a kan lafazin Faransanci, aka ɗauko 'yan wasa Faransawa. Abin da ya fi tsorata ni shi ne yadda aka nuna Daula na ɓata sunan mutanen a kafafen labarai tun kafin ta taɓa su, saboda ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasarsu.

Abba: Me ya sa zango biyu kacal?

Yaya Nura: Da biyar aka tsara, kowace shekara zango ɗaya. Da suka ga kowane zango na cin kusan shekara biyu, sai aka matse sauran shekara huɗun a zango na biyu: duk kashi uku a tsallake shekara guda. Ga yajin aikin marubuta da na 'yan wasa a 2023 da ya tsayar da aiki, sai 22 ga Afrilu 2025 ya fito, uku-uku duk mako. Tony Gilroy da bakinsa ya ce zangon farko da na biyu a haɗe sun ci dala miliyan 650. Illar matsewar ita ce wasu mutanen za ka ga sun canza ba ka ga lokacin da abin ya faru ba. Wannan ni ma ya ɗan ci min rai.

Hajiya Binta: Tambaya ɗaya, za a iya kunna shi a falo da yara?

Anti Maryam: A'a Hajiya. Farkon kashi na ɗaya ma a gidan mata masu zaman kansu aka buɗe, akwai azabtarwa, kuma a na uku na zango na biyu akwai yunƙurin fyaɗe. Yara a ba su Mandalorian ko Skeleton Crew, shi yara ne ma jaruman.

Sadiq: Kun ga dai an dawo kan maganata.

Malam Habu: Abba, in ka gama kuma irin wannan ya yi maka, nemi The Expanse. Tashar Syfy ta soke shi bayan zango uku, masu kallo suka yi ta kiraye-kiraye har Amazon ta ɗauka ta kai shi shida. Shi ma farkonsa a hankali yake tafiya.

Abba: Na gode muku. Daren Juma'a zan haɗa ukun. Yaya Nura, da rubutun ƙasa zan kalla ko ba sai da shi ba?

Yaya Nura: Kunna shi. Luthen, ɗaya daga cikin masu shirya tawayen, ƙasa-ƙasa yake magana, kuma sunayen duniyoyin suna da yawa.