Ƙanena ne ya zaɓa, ko ƙwaƙwalwarsa ce ta zaɓa masa?

Ƴar Bukoki:
Salama gare ku ƴan'uwa. Ina shekara ta uku a karatun likita a nan Yamai, amma tambayata daga gidanmu ta fito. Ƙanena ɗan shekara 19 ya faɗa shan tramol. Sau uku yana durƙusawa gaban Inna yana rantsuwa ya daina, har da kuka, kuma na san kukan ba na ƙarya ba ne. Makon jiya ya ɗauke wayarta ya sayar jikka goma sha biyar. Inna ta ce abin da Allah ya rubuta ba makawa. Dattijon majami'armu ya ce ina, zunubi ne kawai, yaro ya san abin da yake yi.

Ni kuwa a darasin jijiyoyi na ci karo da gwajin Benjamin Libet na 1983 a Amurka. Ya liƙa wa mutane wayoyi a ka, ya ce kowa ya motsa hannu sa'ad da ya ga dama, yana kallon wani agogo mai ɗigo da ke zagayawa, daga baya ya faɗi inda ɗigon yake lokacin da niyya ta zo masa. Sai aka ga ƙwaƙwalwa ta fara shiri wajen rabin daƙiƙa kafin motsin, mutum kuwa bai ji niyyar ba sai saura kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Wato kafin in ce zan dafa, an riga an ɗora tukunya. To a kan me Allah zai yi mana shari'a? Na buɗe Romawa 9 a Littafi Mai Tsarki don in samu sauƙi, na tarar da maginin tukwane da yumɓunsa, barci ya ƙara gudu.

Malamin Kimiyya, Tawa:
Ƙanwata, kada ki ɗora wa gwajin nan kayan da ya fi ƙarfinsa. Motsa hannu ne ba gaira ba dalili, ba riba ba asara. Ina haɗinsa da sayar da wayar uwa? A 2008 ƙungiyar John-Dylan Haynes a Jamus ta sa mutane cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, ta riƙa hasashen ko maɓallin hagu za su danna ko na dama, daƙiƙoƙi da yawa kafin su sani. Jaridu suka yi ta kururuwa. Amma sau 60 cikin 100 ne hasashen ke dacewa, alhali mai cankar banza ma yana samun 50. A 2012 kuma Aaron Schurger da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa wannan "shirin" yana iya zama hawa da saukar da ƙwaƙwalwa ke yi kullum, motsi ya zo daidai lokacin da ya yi sama. Shi kansa Libet ya riƙe cewa mutum na da damar fasawa a ƙarshe.

Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne su dubi akuya a turke. Tana yawo da gaske, amma iya tsawon igiyarta. Tramol dangin ofiyam ne, aikinsa gajarta igiya. Idan jikin ƙanenki ya fara nema, ga zufa, ga ciwon gaɓoɓi, ga rashin barci, igiyarsa ba ta kai taku ɗaya ba. Da safe bayan ya ci abinci ta fi tsawo, a nan ake magana da shi. Kuma ke ma kin sani, a hankali ake rage masa a hannun likita.

Tsohon Mai Bishara:
Ɗiyata, gardamar ga ta girmi kakanninmu. Agustin, bishop na Hippo, wadda ita ce Annaba ta Aljeriya yau, shi da Pelagiyus, malamin da ke cewa mutum na da ikon zaɓar alheri da kansa, a kanta sunka kwasa. Erasmus, wani masanin Turai, ya rubuta littafin kare ƴancin zaɓi a 1524, Martin Luther na Jamus ya mai da martani a 1525, ba wanda ya sauko. Ki koma Littafin Fitowa ki lura: wani wuri an ce Ubangiji ya taurara zuciyar Fir'auna, wani wuri an ce Fir'auna ya taurara zuciyatai da kansa, marubucin bai share ko ɗaya ba. Filibiyawa 2:12-13 ma haka, ku yi aikin cetonku, gama Allah ne ke aiki cikinku.

Amma kin yi saurin zuwa sura ta 9 ta Romawa. Koma baya zuwa ta 7, inda Bulus ke kukan cewa alherin da yake so ba shi yake yi ba, muguntar da ba ya so ita yake yi. Wannan ba ƙanenki ba ne? Innarku ta sauke mishi laifi duka, dattijonku ya jibga mishi duka. Ban bi ko ɗaya ba.

Mai Shayin Wadata:
Yaya, ni Musulmi ne, a yi haƙuri da shisshigi. Mu ma muna da tamu gardamar, Jabariyya masu cewa ɗan Adam ba shi da zaɓi, da Ƙadariyya masu cewa zaɓin na hannunsa. Shekara biyu na yi ina sha. Ban taɓa cin nasara ba in ƙwayar na tafin hannuna, ko sau ɗaya. Abin da na iya shi ne canza hanyar komawa gida, don kada in bi ta fadarmu. Abokai sun ce na yi girman kai. Wata takwas ke nan rabona da ita.

Ƴar Bukoki:
Na gode muku duka. Baba, na karanta wa Inna Romawa 7 jiya da dare, ta daɗe ba ta ce uffan ba, sannan ta ce in sake karantawa. Malam, na bi shawararka, da safe na same shi bayan ya sha koko. Ya yarda mu je asibiti ranar Talata. Ko shi ne ya yarda ko kokon ne, har yanzu kaina bai warware ba. Kuɗin wayar dai na ce sai ya biya, jikka ɗaya duk mako daga aikin garejin kawunmu. Ya yi gunaguni, amma ya kawo ta farko.