Musayar Waƙa: Gilbert Ryle da Fatalwar Cikin Inji

Ɗan Birni:
Salamu alaikum 'yan zaure. Yau Gilbert Ryle, masanin falsafa na Ingila, za mu taɓa, amsa-amo "a" ne.

Ɗan likita ne, Brighton ce mahaifa,
A 1900 ya faɗo duniya.
Kwalejin Queen's ta Oxford ta rene shi,
A kwalejin Christ Church ya fara koyarwa.
Yaƙin duniya na biyu ya sa shi kaki,
Leƙen asiri ya yi, manjo ya zama.
A 1945 ya hau kujerar Waynflete ta farfesan falsafa,
Sai 1968 ya sauka.

Uwar Ɗaki:
Malam, romo ka ba mu, ka ɓoye tsoka!
Ina littafinsa *The Concept of Mind* na 1949,
Inda ya tsokani Descartes, masanin falsafa na Faransa?
Wai a ganin Descartes jiki inji ne, hankali fatalwa,
Tana zaune ciki tana jan akala.
Ryle ya ce kuskuren rukuni ne:
Baƙo ya zo Oxford aka zaga da shi,
Ga kwalejoji, ga ɗakin karatu, ga filin wasa.
Da ya gama kallo sai ya ce, "To ina jami'ar?"
Alhali cikinta ya yini yana ta gewaya.
Haka hankali, in ji Ryle: a aikin mutum ake ganinsa.

Ɗalibin Dare:
Hajiya, a gafarce ni, ina da ja.
Haƙorina na sukana tun daren jiya,
Ban yi tsaki ba, ban dafe kunci ba.
Wa ya ga wannan a aikina?
Ni kaɗai na san abin da na sha.

Ɗan Birni:
Ƙanena, ga amsar da Ryle zai ba ka:
Gilashi mai fashewa ne ko ba a jefe shi ba.
A taɓa maka kuncin a ga zabura.
Mai keke ma ba ya karanta ƙa'ida,
Iyawarsa na cikin tuƙin da yake yi, ba a wata kusurwa.

Ɗalibin Dare:
Yaya, gilashi ba ya jin zogi,
Ni kuwa ina ji. Nan muka rabu, wallahi.

Uwar Ɗaki:
Kai yaro, ka karya amsa-amo!

Ryle da ya riƙe mujallar falsafa ta *Mind*
Daga 1947 zuwa 1971, da bai buga maka ba.
Bai yi aure ba, a ƙauyen Islip ya zauna
Da Mary, abokiyar tagwaicinsa,
A Whitby ya rasu, 1976 ce shekara.
Kai kuma gobe da sassafe ka je asibiti,
A cire haƙorin, ka dawo mu ƙarasa.