Gwaji ya nuna jinina ya san ƙwayar kuturta, me ke nan?

Maman Hafsa: Salamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan da aka gano kuturta a jikin mahaifina, kuma ni nake jinyarsa tun kafin mu san abin da ke damunsa. Masu bincike sun ɗibi jininmu, mu 'yan gida, suka ce garkuwar jikina ta mayar da martani ga furotin ɗin ƙwayar cutar. Tun ranar barci ya ƙaurace min, har goyon 'yata na daina. Na kamu ke nan?

Anti Bilki: Wa alaikumus salam. Ki goya 'yarki don Allah. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Abin da suka yi, sun haɗa jininki da furotin ɗin ƙwayar kuturta, Mycobacterium leprae, suka duba ko fararen ƙwayoyin jini za su fitar da sinadarin garkuwar jiki mai suna interferon-gamma. Sun fitar, wato jikinki ya taɓa cin karo da ƙwayar, ya kuma gane ta. Lafiyayyun da ke zaune da mai cutar da yawa haka sakamakonsu yake, shi ya sa ba a yanke hukunci da wannan gwajin. Wani lokaci ma allurar BCG ta rigakafin tarin fuka ko ƙwayar tarin fuka ce ke sa jini ya amsa, domin dangin ƙwayar kuturta ne. Kusan mutum 95 cikin 100 jikinsu na murƙushe ƙwayar kuturtar. Masu cutar mai tsanani ma, su ne wannan martanin ya fi rauni a jikinsu.

Malam Habu: Baiwar Allah, fata ake dubawa. Lokacin da aka duba ni, silin auduga likita ya goga min a kan wani tabo fari-fari a bayana, idona a rufe, ban ji komai ba. Na sha magani wata shida, yau ga yatsuna goma lafiya lau. Ki riƙa duba jikinki da na yarinya da rana, don cutar takan yi shekara 5 ba ta fito ba, wani lokaci har 20.

Anti Bilki: Na manta: ki tambaye su maganin rifampicin na rigakafi, sha ɗaya ne. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawararsa ga makusanta daga shekara 2 zuwa sama. Baba kuwa da ya fara magani ya daina yaɗa ta, kada ku ware masa kwano.

Maman Hafsa: Allah Ya saka da alheri. Hafsa shekararta uku, gobe da ita zan je.