Mao Asada ta yi Aksel mai uku har sau uku, to ta yaya zinaren Vancouver ya tafi wurin Kim Yuna?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka san wasan zamiya a kan ƙanƙara, ɓangaren da ake yi da kiɗa da tsalle. A gasar Olamfik ta hunturu ta 2010 a Vancouver ta ƙasar Kanada, Mao Asada ta Japan ta yi tsallen da ake kira Aksel mai uku har sau uku, kuma an ce babu macen da ta taɓa yin haka a gasa guda kafin ita. Kim Yuna ta Koriya ta Kudu ba ta yi shi ko sau ɗaya ba. Amma Kim ta tashi da maki 228.56, Asada kuma 205.50. Tazarar ta haura maki 23. Tsakani da Allah, son kai alƙalai suka yi, ko akwai wani abu a lissafin da idon mai kallo ba ya gani? A yi mini bayani dalla-dalla don Allah.

Baban Sadiƙ:

Wa alaikumus salam Hajiya. Amsar tana cikin jadawalin maki na wancan lokacin. Tun bayan rikicin alƙalanci na 2002 a Salt Lake City aka bar tsohon tsarin da 6.0 ne maki mafi girma a cikinsa, aka koma tsarin da kowane tsalle yake da farashinsa a rubuce. A kakar 2009 zuwa 2010, ga farashin tsalle masu juyi uku: Aksel 8.2, Luts 6.0, Filif 5.5, Luf 5.0, Salko 4.5, Tolup 4.0. Aksel mai biyu 3.5 ne, Tolup mai biyu kuwa 1.3.

To ki haɗa da kanki. Makamin Asada shi ne Aksel mai uku, tana dira ta ɗora Tolup mai biyu: 8.2 da 1.3, jimla 9.5. Makamin Kim shi ne Luts mai uku, tana dira ta ɗora Tolup mai uku: 6.0 da 4.0, jimla 10.0. Wato tun kafin a taka ƙanƙara, haɗin Kim ya fi tsada da rabin maki.

Bayan farashi sai makin kyau. A lokacin kowane alƙali yana ƙara ko rage daraja daga -3 zuwa +3, yana duba gudun da aka shiga tsallen da shi, tsayinsa, nisan da aka ci a sama, da yadda aka zarce bayan dira. A gajeren wasa, wato na farko cikin zagaye biyu na gasar, Kim ta samu ƙarin 2.0 a haɗinta, ya zama 12.0. Asada ta samu ƙarin 0.6, ya zama 10.1. Dalili kuwa a bayyane yake in kika kalli bidiyon: Kim tana shiga Luts a guje ba ta rage gudu, ta ci nisa sosai, ta fita da sauran gudu a ƙafarta. Asada tana ɗaukar dogon shiri kafin Aksel, tsallenta ya fi tashi sama a kan cin nisa, in ta dira kuma gudun ya kusa ƙarewa. An tashi gajeren wasa Kim 78.50, Asada 73.78.

Ɓarnar gaske a dogon wasa ta faru, mai minti huɗu, inda a lokacin ake ba mace damar tsalle bakwai. Asada ta buɗe da Aksel mai uku sau biyu lafiya lau. A rabi na biyu sai abu biyu suka kwaɓe mata. Filif mai uku da ta haɗa da Luf mai biyu sau biyu, kwamitin fasaha ya duba a hankali ya ga juyin bai cika ba. Dokar wancan lokaci ba ta da sassauci: in giɓin ya wuce rubu'in juyi, ana lissafa tsallen a matsayin mai biyu, wato 5.5 ta koma 1.7. Nan take kuma, tana shirin Tolup mai uku, ƙarfen takalminta ya sarƙe a ƙanƙara, ta yi juyi ɗaya kacal, 4.0 ta koma 0.4. Da yake tsallen rabi na biyu yana da ƙarin kashi 10 cikin ɗari, waɗannan biyun sun cinye mata kusan maki 8, ban da ragin da alƙalai suka yi.

Kim ta gama da tsalle shida masu juyi uku, babu ko ɗaya da aka soke. Asada huɗu aka amsar mata. Makin fasaha: 78.30 da 64.68. Makin salon wasa, inda ra'ayin alƙali ya fi shiga: 71.76 da 67.04. In kika haɗa kwana biyun, bambancin salo 6.24 ne kawai, na fasaha kuma 16.82. Ko da an ba su makin salo daidai wa daida, Kim ce a gaba da nisa.

Anti Rabi:

Baban Sadiƙ, lissafinka daidai ne, ba ni da ja a kan wadda ta ci. Amma ban yarda a bar maganar kamar jadawalin ba shi da laifi ba. Tazarar 2.2 tsakanin Luts da Aksel ta yi kaɗan ƙwarai in aka duba abin da Aksel yake buƙata, kuma ya kamata Maman Ilham ta san dalili.

Ƙarfen da ke ƙarƙashin takalmin faɗinsa kamar milimita 4 ne, an fafe tsakiyarsa, don haka yana da kaifi biyu, na ciki da na waje. A gabansa akwai haƙora da ake cakawa a ƙanƙara. Tsalle biyar cikin shida da baya ake tashinsu, kuma duka shidan da baya ake dira. Aksel kaɗai ake tashi ana fuskantar gaba, shi ya sa mai uku ɗinsa juyi uku da rabi ne. Duk wannan cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya a sama.

Ga yadda mai juyawa hagu, irin su Asada da Kim, take yinsa. Tana zamewa da baya a kan kaifin waje na ƙafar dama, ta juyo ta taka ƙafar hagu a kan kaifin waje tana fuskantar gaba, ta lanƙwasa gwiwa da hannaye a baya, sannan ta wurga gwiwar dama sama kamar mai hawa matakala. A sama sai ta mayar da nauyinta kan ɓangaren dama, ta matse hannaye a ƙirji, ƙafar hagu a harɗe kan dama. Babu haƙoran da za ta dogara da su wajen tashi, kaifi ɗaya ne ke ɗauke da ita. In kafaɗa ta riga ƙugu juyawa, jiki zai karkace a sama. In ƙafar dama ta zagaya ta gefe maimakon ta wuce gaba, tsayi ya tafi. In kuwa kaifin ya suɓuce, faɗuwar ba ta da birki. Haka ta faru da Asada a gasar duniya ta 2008 a Gothenburg: ƙafar ta zame kafin ta bar ƙasa, ta sulale har jikin katanga. Ta tashi ta ƙarasa wasan, kuma ita ta ci gasar.

Midori Ito ta Japan ce mace ta farko da ta sauke shi a gasa, a 1988. Daga nan zuwa 2010 matan da suka yi shi a gasar ƙasa da ƙasa ba su cika yatsun hannu biyu ba. Luts mai uku kuwa kusan duk manyan 'yan wasa suna yi. Ita kanta hukumar wasan ta duniya, ISU, ta gyara abubuwa uku a kakar da ta biyo bayan Vancouver: ta ɗaga Aksel mai uku zuwa 8.5, ta ƙirƙiro matsakaicin hukunci inda tsallen da ya gaza kaɗan yake samun kashi 70 cikin ɗari na farashinsa, sannan ta ba mata damar yin Aksel mai uku shi kaɗai a gajeren wasa a gurbin mai biyu. Wannan na ƙarshe shi ya fi muhimmanci, domin a Vancouver Asada ta kashe gurbin haɗi a kan Aksel ɗinta, sannan ta sake yin Aksel mai biyu na wajibi.

Baban Sadiƙ:

Gaskiya ne Anti, sai dai akwai giɓin da sabuwar dokar ma ba za ta rufe ba. Dogon wasan Asada na Vancouver babu Luts babu Salko a cikinsa. Luts ana tashinsa ne daga kaifin waje na ƙafar hagu, a caka haƙoran dama a baya. Wahalarsa ita ce layin da ƙafa take bi yana karkata wani gefe, juyin kuma yana zuwa ɗaya gefen. Jiki yana son sauƙi, sai a daƙiƙar ƙarshe idon sawu ya faɗa ciki, tsallen ya zama Filif. Asada ta taso da wannan kuskure, kuma da aka fara tsananta duba kaifi a 2007 sai aka riƙa rage mata maki. Ita da kocinta Tatiana Tarasova suka cire shi gaba ɗaya. Kuma doka ba ta yarda a maimaita fiye da iri biyu na tsalle masu uku ba, ta riga ta maimaita Aksel da Filif. Duk tsarin wasanta ya rataya a kan tsalle guda mafi haɗari. Ita ma Kim tana da nata giɓin, ta ajiye Luf mai uku, amma ta cike gurbin da Luts mai uku sau biyu, da Aksel mai biyu haɗe da Tolup mai uku.

Malama Hadiza:

Ni abin da nake so Maman Ilham ta gani shi ne daren Vancouver ƙaramin yanki ne na rayuwar matan nan biyu. Wata ɗaya aka haife su, Satumban 1990: Kim ranar 5 a Bucheon, Asada ranar 25 a Nagoya. A gasar matasa ta duniya Asada ta ci a 2005 Kim na biye, a 2006 suka yi musaya. Dukansu ba su je Olamfik ta Turin a 2006 ba, saboda doka ta ce sai mace ta cika 15 kafin 1 ga Yulin 2005. Wannan ya fi yi wa Asada ciwo, domin a Disambar 2005 a Tokyo ta doke Irina Slutskaya ta Rasha, zakarar duniya a lokacin, jikinta kuma yana ganiyar sauƙin juyi. Bayan balaga tsawo da nauyi suna canzawa, lokacin tashi da na matse hannu duk sai an sake koyonsu, kuma Aksel ne tsallen farko da yake guduwa.

Kim ta sha fama da ciwon baya da na ƙugu a shekarun farko na manya, ta tsaya a tagulla a gasar duniya ta 2007 da 2008. A lokacin tana horo a Toronto wurin koci Brian Orser. A 2009 a Los Angeles ta zama mace ta farko da ta haura maki 200, da 207.71. Wata guda bayan Vancouver kuwa, a gasar duniya a Turin, Asada ce ta ci, Kim ta zo ta biyu.

Abin da Asada ta yi daga nan shi ya sa nake ganin girmanta. Tana riƙe da kambun duniya, ta koma wurin koci Nobuo Sato ta rushe tsallenta ta fara gini daga tushe, musamman kaifin Luts da shigar Filif. Gyaran abin da jiki ya haddace tun yarinta ba aikin kaka ɗaya ba ne. Ta zo ta shida a gasar duniya a 2011, ta shida a 2012, a tsakani kuma mahaifiyarta ta rasu a Disambar 2011. A Olamfik ta Sochi a 2014 gajeren wasa ya rushe mata: ta faɗi a Aksel, ba ta yi haɗi ba, maki 55.51, matsayi na 16. Washegari, babu sauran fatar lamba, ta fito da duka ire-iren tsalle shida, ta yi yunƙurin masu uku guda takwas ba ta faɗi ba. An ce biyu ba su cika ba, an kuma sake kama kaifin Luts, duk da haka ta samu 142.71, ta hau matsayi na shida. Wata guda bayan haka a Saitama ta ci kambun duniya na uku, kuma 78.66 da ta samu a gajeren wasa ya karya tarihin 78.50 na Kim. Ta yi ritaya a Afrilun 2017.

In ana neman inda aka yi taƙaddamar alƙalanci da gaske, a Sochi ne, kuma Kim ta shafa. Adelina Sotnikova ta Rasha ta ci da 224.59, Kim 219.11, har Koriya ta shigar da ƙorafi, ISU ta yi watsi da shi. Kim ta bar gasa daga nan, ba ta taɓa gama wata gasa a ƙasa da matsayi na uku ba, kuma ita ta kunna wutar Olamfik ta Pyeongchang a 2018.

Maman Ilham:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Saura abu ɗaya: ta yaya mai kallo zai gane juyi bai cika ba, tunda da ido duk daidai suke?

Anti Rabi:

Ki rage saurin bidiyon zuwa rubu'i, ki bar kallon kafaɗa da fuska, ki zuba ido a kan ƙarfen ƙafar dama a lokacin da haƙoransa suka fara taɓa ƙanƙara. In juyi ya cika, diddige yana fuskantar inda take tafiya, sai ta sulale da baya a kan layi mai lanƙwasa ba tare da ƙara ba. In bai cika ba, ƙarfen zai sauka a gicciye, ki ga ta murɗa shi a ƙasa, garin ƙanƙara ya tashi, gudu ya mutu. A takardar sakamako ta yanzu harafin q yana nufin giɓin rubu'i daidai, alamar < giɓin da ya wuce rubu'i, << kuma rabin juyi ko fiye. Ƙaramin e kusa da Luts ko Filif yana nufin an tashi daga kaifin da ba nasa ba. Sai dai kada ki gwada makin 2010 da na yau kai tsaye, domin tun 2018 makin kyau ya koma daga -5 zuwa +5, Aksel mai uku kuma ya sauka zuwa 8.0.