Musayar Waƙa: Hura Garwashi da Hure Kyandir

Mai Fitila:
Ku ba ni amsa, ya ku masana,
A kan wani al'amari na wuta.
Na hura garwashi ya yi jawur,
Na hure kyandir, haske ya ɓata.
Bakin guda ne, iskar guda ce,
Me ya raba su wajen aikata?

Ɗan Maƙera:
Ƙanwata, amsar ba ta da nisa,
Numfashinki ne ya shaƙe ta.
Iskar da huhu ya gama da ita,
Ba ta da abincin ba wa wuta.

Iskar da muke shaƙa tana da oksijin, wato iskar da wuta ke buƙata don ta ci, kashi 21 cikin ɗari, wadda muke fitarwa kuwa kusan kashi 16 ne.

Malamar Kimiyya:
Ɗan Maƙera, koma ga zuga-zugi,
A nan ka bar hanya, ka karkata.
Mafici ba shi da huhu ko baki,
Kaɗa shi ga kyandir, ka ga ya kashe ta.
Ba lagwani ne wutar ke ci ba,
Tururin kaki shi ne cimarta.
Zafi ya narkar, lagwani ya tsotsa,
Tururi ya tashi yana ciyar da ita.
Iska ta ture harshen gefe,
Lagwani ya huce, sai ta kwanta.
Garwashi kuwa a jikinsa yake ci,
Iska ba ta iya raba shi da wuta.

Sarkin Baiti:
Madalla da Ɗan Maƙera, domin baitocinsa sun zauna daram. Malama, ɗangonki na takwas ya yi tsawo har karin ya karye, kuma hujja a cikin gurgun baiti ba ta shiga kunnena.

Malamar Kimiyya:
Malam, auna ɗangon abokinka,
Na huɗunsa ma ya ɗingisa ƙafa tata.
Kari ba ya sauya halin kaki,
Kawo hujja in kana da ita.

Sarkin Baiti:
"Ƙafa tata" ba Hausa ba ce, an tilasta ta ne don amsa-amo.

Malamar Kimiyya:
Na karɓi gyaran. Amma farin hayaƙin da ke tashi bayan an hure kyandir tururin kaki ne, kuma Michael Faraday, masanin kimiyya ɗan Ingila, ya nuna wa yara a Landan cewa idan aka kai masa wata wuta da sauri, wutar takan bi shi ta koma kan lagwani.

Mai Fitila:
Yaya, na gwada a daren jiya,
Na hure, na kai ashana kusa da ita.
Ban taɓa lagwani da tsinken ba,
Ta hayaƙi wutar ta sauko kanta.